Yadda za ka hau metro a Alƙahira in yau ka sauka daga Sakkwato

Mutanenmu da yawa suna zuwa Alƙahira yanzu, wasu karatu a Azhar, wasu jinya, wasu saro kaya, kuma kusan kowa in ya sauka tasi yake ta hawa har kuɗin guzurinshi su yi rabi, don kawai yana tsoron shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wato metro. Ban ga laifin kowa ba gaskiya, mu da layin dogo ma a Ƙauran Namoda ya tsaya bai ƙaraso mana ba, wani har ya girma bai taɓa ganin tarago ido da ido ba. Amma garin nan mai mutum sama da miliyan 20 in ka ce a kan titi za ka yi ta yawo, cunkoso kaɗai ya ishe ka, tafiyar da metro zai yi a minti 20 sai ka kwashe awa ɗaya da rabi a mota kana shaƙar hayaƙi. Metro ɗin Alƙahira tun 1987 yake aiki, shi ne na farko a duk Afirka, kuma talakawan gari shi suke hawa safe da yamma, har da tsofaffi da yara 'yan makaranta, to kai mi zai gagare ka.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin komai. Mu a gida ka tsaida ɗan kabu-kabu a Dandima ka ce Mabera, ko Runjin Sambo bayan masallaci, shi ya san hanya, kai naka zama da riƙe hula. Metro ba ruwanshi da inda za ka. Yana da hanyarshi, yana da tashoshinshi, kai ne za ka san sunan tashar da za ka sauka, da sunan tashar ƙarshe ta ɓangaren da za ka nufa, da inda za ka canza jirgi in akwai canji. Sunaye uku ke nan, wani lokaci biyu. Duk wanda ka ga ya rikice a ƙasa ɗaya daga cikinsu ya rasa.

To fara da taswira tun kana masauki. Layi uku ke aiki. Layi na 1 shi ne tsohon, ya taso daga Helwan a kudu har El Marg El Gedida a arewa, tasha 35, kuma mafi yawanshi ma a sarari yake tafiya, tsakiyar gari kawai yake nutsewa ƙasa. Layi na 2 daga Shubra El Kheima zuwa El Mounib, tasha 20, yana bi ta ƙarƙashin kogin Nilu ya ɓulla Dokki da Giza. Layi na 3 shi ne sabo, an fara buɗe shi 2012 ana ta ƙara mai tsawo, ya taso daga Adly Mansour a gabas ya ratsa Heliopolis da Abbasiyya da Attaba da Zamalek, in ya kai Kit Kat sai ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Mehwar Rod El Farag ta Imbaba, ɗayan ya nufi Jami'ar Alƙahira. Ka sauke hoton taswirar a waya, ba wai ka dogara da data ba, don ƙasan nan sabis yakan yi wasa. In kana karanta Larabci, kuma yawancinmu da munka yi allo da islamiyya muna ɗan taɓawa, ka samu mai Larabci da boko duka, don allunan tashoshi da rubutu biyun suke.

Inda layukan sunka haɗu wuri biyar ne kuma su ya kamata ka haddace ko ba ka haddace sauran ba. Sadat da Shuhada, nan layi na 1 da na 2 ke gamuwa. Attaba na 2 da na 3. Nasser na 1 da na 3. Sai Jami'ar Alƙahira, na 2 da na 3 kuma. Amma ka sani 'yan gari ba lalle su kira su da sunan da ke kan allo ba, Sadat za ka ji an ce Tahrir don ƙarƙashin dandalin Tahrir take, Shuhada kuma Ramsis suke ce mata saboda babbar tashar jirgin ƙasa ta Ramsis tana samanta. Da can sunanta Mubarak, bayan juyin 2011 anka canza, in ka ci karo da tsohuwar taswira mai wanga suna kada ka ruɗe, ita ce dai.

Daga filin jirgi fa metro bai iso ba, wannan ka cire shi daga lissafi. Ranar da ka sauka da akwatuna da jakar kilishi da garin yaji da sauran tsarabar da anka ɗora maka, ka nemi Uber ko inDrive ko wanda zai zo tarbarka. Metro sai ka huta, ka aje kaya, ka fito da 'yar jaka.

Shiga tasha. Ka nemi alama mai babban harafin M ja, za ka ga matakala ta gangara ƙasa. Tun a bakin ƙofa akwai injin duba kaya irin na filin jirgi, ka ɗora jakarka ta wuce ka ɗauka, 'yan sanda na zaune gefe, ba wanda zai ce maka komai in ba ka tsaya ɗaukar hoto ba. Wannan ɗaukar hoton ka bar shi kawai, Masar ba ƙasar da ake ɗaga waya ana bidiyon jami'an tsaro ba ce, na san ana son a turo ma 'yan gida a WhatsApp su ga an shigo birni, amma ka haƙura har ka fito sarari. Kuma ka riƙa yawo da fasfo ko aƙalla kwafinshi da shafin biza.

Sai tikiti. Kuɗin ba ɗaya ba ne, ya danganta da yawan tashoshin da za ka wuce: har tasha 9 farashi ɗaya, har 16 wani, har 23 wani, abin da ya haura haka shi ne mafi tsada. A watan Agustan 2024 an maida su fam 8 da 10 da 15 da 20, kuɗin Masar ke nan wanda su suke ce ma gine, kuma da yake suna yawan ƙarin farashi ka duba takardar da ke manne a jikin tagar mai saida tikiti. Ba sai ka yi dogon Larabci ba, ka miƙa kuɗi ka faɗi sunan tashar da za ka sauka, "Dokki, wahid", wato tikiti ɗaya zuwa Dokki, shi zai ba ka wanda ya dace. Ka tanadi canji, kada ka miƙa takardar 200 a layin da mutum talatin ke bayanka suna huci. Layin ma ba layi ba ne sosai, hannuwa ne ke shigowa ta gefen kafaɗarka, in ka tsaya kunya irin tamu ta "Bismillah, wuce" to za ka kwana nan. Ka matsa ka miƙa naka kawai, ba rashin ladabi ba ne a wajensu. In ka san za ka dawo ta hanya ɗaya ka sayi biyu lokaci guda. Wanda zai daɗe, ɗalibi ko mai jinya na watanni, gara ya sayi katin da ake sa ma kuɗi ya riƙa ɗorawa a kan inji yana wucewa, akwai kuma ishtirak, wato biyan kuɗin hawa na wata-wata, a ofisoshin wasu tashoshi ga mai bin hanya ɗaya kullum.

Wajen lambobi kuma, wanda bai saba da na Larabci ba ya kula: biyar ɗinsu zagaye ne kamar sifirinmu, sifirinsu ɗigo ne, shidansu kuma kama yake da bakwai na boko. Mutum sai ya ga 50 ya zaci wani abu daban.

Tikitin ɗan ƙaramin kwali ne mai baƙin zane a baya. Ka zura shi a ramin gaban injin ƙofa, zai zuƙe shi fit ya tofo shi ta sama, ka ɗauke, sannan ka tura ƙarfen da cinya ka wuce. Ka ɗauke shi na ce. Kada ka bar shi a inji, kada ka yar, kada ka lanƙwasa shi ko ka ba yaro ya yi wasa da shi, don da shi za ka fita a can, kuma in anka kama ka ba tikiti ko da tikitin da bai kai nisan da ka yi ba tara ce mai ninkin kuɗin sau da yawa, ba kuma a jin "ni baƙo ne". Ni aljihun gaba na riga nake sa shi, shi kaɗai, ba tare da kuɗi ba.

Yanzu ga wurin da ake ɓata. Da ka wuce ƙofa za ka ga hanya ta rabu, kowace da allo a sama an rubuta ittijah, wato ɓangaren da jirgi ya nufa, su suna cewa ittigah don jim ɗinsu ga ce, sai sunan wata tasha. Sunan nan ba na inda za ka ba ne, na tashar ƙarshe ce ta wancan ɓangare. Ba za ka ga allo ya ce Dokki ba, ba za ka ga Maadi ba. Za ka ga El Mounib ko Shubra, Helwan ko El Marg. Kai ne za ka duba taswira ka ga tasharka tana ta wane gefe daga inda kake tsaye.

Bari mu yi tafiya ɗaya tare. A ce kana Abbasiyya, wajen Madinatul Bu'us inda ɗaliban Azhar baƙi ke zama, kuma kana da ganin likita a Dokki, don unguwar nan da Muhandisin cike suke da asibitoci da ɗakunan likitoci. Abbasiyya layi na 3 ce, Dokki layi na 2, to canji ya kama ka, a Attaba. Za ka bi allon da ya ce Rod El Farag ko Jami'ar Alƙahira, ko wanne ya zo hau, don duka biyun sai sun bi ta Attaba kafin su rabu. Kada ka bi Adly Mansour, baya zai kai ka. Ka ƙirga: Abdou Pasha, El Geish, Bab El Shaariya, Attaba, ta huɗu ka sauka. Kada ka fita ta injin ƙofa, in ka fita tikitinka ya mutu, ka bi allunan layi na 2 ta cikin tasha, tafiya ce 'yar kaɗan da hawa da sauka, ka nemi ittigah El Mounib, wasu allunan Giza suke cewa, ɗaya ne. Daga nan Muhammad Naguib, Sadat, Opera, Dokki. Tasha takwas ke nan duka, tikitin mafi araha ya isa, kuma ka ratsa ƙarƙashin Nilu ba ka ma sani ba. Dawowa sai ka juya komai: ittigah Shubra zuwa Attaba, sannan Adly Mansour zuwa Abbasiyya.

Wanda ke zaune Ain Shams kuma, inda 'yan Afirka ke da yawa, in za shi Maadi ba canji, layi na 1 ne ɗoɗar ittigah Helwan, sai dai tasha 21 ce, tikitin mataki na uku zai saya, ya kuma shirya tsayuwa. Maadi ɗin ma uku ce a jere, Hadayek El Maadi da Maadi da Sakanat El Maadi, don haka ka tambayi wanda za ka wajenshi wacce daga ciki. Haka Rod El Farag ta layi na 2 daban take da Mehwar Rod El Farag ta layi na 3, kuma El Marg daban da El Marg El Gedida. In kuwa za ka wuce Kit Kat a layi na 3 to nan dole ka karanta goshin jirgin ko allon lantarki kafin ka shiga, ba kowanne ne naka ba.

In ka ga ka hau wanda ke tafiya baya ba wani tashin hankali ba ne, ka sauka tasha ta gaba ka tsallaka ɗaya gefen ta matakala ba tare da ka fita ƙofa ba, 'yan mintuna wani zai zo.

Maganar taragon mata. A tsakiyar kowane jirgi akwai taragu na mata zalla, kuma a dandamalin jira akwai allo a sama an rubuta sayyidat, wato mata, da hoton mace, daidai inda za su tsaya. Hajiya, in ke kaɗai ce ko ke da 'yan'uwa mata, nan za ki tsaya, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba musamman lokacin cunkoso. Mace tana iya shiga ko wane tarago in ta so, namiji ne ba ya shiga nasu, in ya shiga tara ce, kafin tarar ma matan sun wanke shi tas da baki. Matsalar da mutanenmu ke samu ita ce ta miji da mata: Alhaji ya shiga nan, Hajiya ta shiga can, ita ba ta san tashar sauka ba, wayarta ba layin Masar, shi ke nan an shiga neman juna. Ko dai ku shiga tarago ɗaya tare, wanda ba laifi ba ne kuma iyalai da yawa haka suke yi, ko kuma ta riƙe takarda da sunan tashar da yawan tashoshin da za ta ƙirga, ku kuma yi alkawari in an rabu kowa ya sauka a tashar ya tsaya ƙarƙashin allon mata kada ya motsa. Yara kuwa a hannu, riƙo na gaske.

Shiga jirgin kanshi sai da zafin nama. Ƙofa ba ta jiran kowa, 'yan daƙiƙu ne sai ƙara sai ta rufe, kuma masu fita da masu shiga lokaci ɗaya suke turo juna. Ka tsaya gefen ƙofa ba tsakiya ba, da an ɗan rage ka kutsa. In ya cika maƙil ka bar shi, wani na tafe. Babbar riga dai don Allah a bar ta a masauki sai ranar Juma'a, hannunta ƙofa na iya cafkewa, haka dogon hijabi mai jan ƙasa, a tattare shi a hannu musamman a kan matakala mai tafiya da kanta, don haƙoranta na kama bakin zane. Wanda bai taɓa hawanta ba ya riƙe robar gefe, ya taka tsakiyar mataki ba kan layi ba, in an kai ƙarshe ya ɗaga ƙafa ya yi gaba kada ya tsaya cak mutane na bayanshi. Tsoho ko tsohuwa in suna jin tsoro kada a matsa musu, akwai matakalar ƙafa a gefe.

A ciki, jaka ta dawo gaba, waya da walat su bar aljihun gefe na kaftani, wanga aljihu namu a buɗe yake kowa ya sani. Ba wai garin ɓarayi ba ne, amma cunkoso ko ina cunkoso ne. Za ka ga masu talla suna ratsawa da safa da cajar waya da alƙalami, wani ma sai ya aje maka kaya a cinya ya wuce, in ba ka so ka bar shi nan zai dawo ya ɗauka. Ana tashi a ba tsofaffi da masu ciki wuri, wannan ba sai an koya mana ba. Jiragen layi na 3 duk da sanyin AC, na layi na 1 kuwa sa'a ce, wani sabo ne mai sanyi, wani tsoho mai fanka da taga a buɗe, amma wanda ya sha zafin watan Afrilu a Sakkwato ba zai kai ƙara ba.

Sauka ita ma tun kafin a iso ake fara ta. In saura tasha ɗaya ka fara matsawa bakin ƙofa, kana tambayar na gabanka "nazil?", wato za ka sauka, in mace ce "nazla?". In ya ce a'a zai kauce ku yi musayar wuri. Kai ma za a taɓa kafaɗarka a tambaye ka, in ba sauka za ka yi ba ka ce "la" ka matsa ciki, in ba haka ba a Shuhada ko Sadat taron zai fito da kai waje ko ba ka shirya ba. Larabcin makaranta yana aiki, za su gane ka, wani ya yi murmushi ya ce ya sheikh, amma amsar da za su ba ka da sauri take kuma da nasu harshen, to gara ka nuna sunan tashar a waya ka bar mutum ya nuna maka da hannu. "Lau samaht", wato don Allah, kafin tambaya, "shukran" bayanta, sun wadatar.

A ƙofar fita ka sake zura tikiti, wannan karon inji zai haɗiye shi, wani wurin ma'aikaci ne ke karɓa da hannu. Manyan tashoshi kamar Sadat da Attaba da Shuhada suna da mafita da yawa, kuma in ka fito ta wadda ba ita ba za ka tsinci kanka a ɗaya gefen titi mai layi shida da ba a tsallaka shi sai da addu'a. Kafin ka hau matakala ka karanta sunan titin da ke allon mafitar, in ka fito ba daidai ba kuma gara ka koma ƙasa ka zagaya.

Lokaci. Yana fara aiki wajen biyar na asuba har kusan ɗaya na dare, da azumi ana ƙara lokaci. Makon aikinsu Lahadi zuwa Alhamis ne, saboda haka Lahadi da safe ba ranar hutu ba ce, ita ce Litinin ɗinsu. Daga bakwai zuwa goma na safe da kuma daga azahar zuwa bayan magariba cunkoson ba a magana, da azumi kuwa awa biyu kafin shan ruwa kowa gida yake gudu. Ranar koyo ita ce Juma'a da safe, tashoshi fayau, ka sayi tikiti ka yi tasha uku ka canza layi ka dawo, ba mai tura ka.

Wuraren da mutanenmu sunka fi nema: masallacin Azhar da Husaini da kasuwar Khan El Khalili, ka sauka Attaba ko Bab El Shaariya ka ƙarasa da ƙafa ko ƙaramar mota. Attaba ɗin kanta kasuwa ce, 'yan saro kaya nan suke wuni. Ofishin fasfo da iƙama tun 2019 ya bar ginin gwamnati na Mugamma da ke Tahrir ya koma Abbasiyya. Zamalek, inda ofishin jakadancin Najeriya yake, tasharta Safaa Hegazy. Masallacin Amru bin As, Mar Girgis. Asibitin Demerdash tasharshi sunanshi gare ta. Dalar Fir'auna ta Giza kuwa metro bai kai ba tukuna, ana kan gina layi na 4 ta can, yanzu Giza za ka sauka ka hau mota. Haka Hayyul Ashir da sauran cikin Madinat Nasr, metro zai aje ka gefe ne kawai a tashar Istad ko Ard El Maarad, sauran sai maikrobas, waɗannan fararen ƙananan bas ɗin da ake miƙa kuɗi daga hannu zuwa hannu har ya kai ga direba.

Marar lafiya kuma a duba halin da yake. Wanda anka yi ma aiki, ko mai wankin ƙoda, ko tsohon da ke kan keken guragu, kada a ja shi cikin turmutsutsun nan don a rage fam 100, tsofaffin tashoshin matakala ce zalla a wurare da yawa kuma lif ɗin ba kullum yake aiki ba. A sa shi a mota. Metro na mai kula da shi ne, shi da zai yi ta zirga-zirgar karɓo sakamakon gwaji da sayen magani da canjin kuɗi sau uku a rana.